Lodin Ƙarshe na Baban Tasha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma ita motar komawar ba ta jiran ta cika. Fasinja ɗaya ya ishe ta tashi.

Yayana ya rasu wata Talata bayan an idar da sallar asuba, a ɗakinsa na Tungan Maje. In na ce yayana, ba wai ciki ɗaya muka fito ba. Ɗan goggona ne, shi ɗan mace ni ɗan namiji, wato taubashina, kuma a al'ada bawana ne, duk da cewa ya riga ya fara noma kafin a yanke mini cibiya. Mutanen tashar Zuba Baban Tasha suke ce masa, don ya yi kamasho a can tun Abuja tana rabin daji, yana kiran fasinja yana cika motocin Arewa, har muryarsa ta dushe ta koma kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

Kafin rana ta yi zafi ƙofar gidan ta cika. Direbobi sun bar motoci a layi sun taho, ɗaya daga cikinsu, ƙato mai wuya kamar na sa, yana kuka yana tambayar wa zai ƙara zaginsa da safe. Tsohon Bagwarin da ya ba Yaya filin gidan ya zo ya zauna can gefe a kan dutse, bai gaisa da kowa ba, sai kallon ƙofar ɗakin yake yi. Wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, da Hausarsa ta Abuja, wai Baba ta tafi ya bar mu. Abokan aikin babban ɗansa, wanda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, sun iso cikin shadda da ƙamshi, sun yi addu'a mai kyau, suna satar kallon agogo. A cikinsu ne wani ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya tambaye ni ko wannan ne tsohon nan da ake cewa yana duban siyasa, kuma ko ya bar wata magana a kan zaɓe mai zuwa kafin ya cika. Gawa tana ɗaki ba a ko yi mata wanka ba. Na ce masa eh, ya ce wanda ya mutu ba zai yi zaɓe ba. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi sirri.

Ni kuwa duk wannan ba shi ne a gabana ba. Alkawari ne a wuyana. A ciwonsa na ƙarshe Yaya ya sa na rantse masa cewa in ya mutu zan kai shi gida, garinmu, can gaba da Funtuwa, a sa shi kusa da mahaifiyarsa. Babban ɗansa kuma, tun kafin in cire takalmi a gidan, ya tare ni ya ce, Kawu, a nan za a rufe shi, kafin azahar. Da wannan muka kwana, da shi muka tashi, in ji masu magana, sai dai mu ba mu da kwanan. Gawa ba ta jiran a gama gardama.

Ni ba marubuci ba ne. Bokona ya tsaya ranar da malamin lissafi ya gano ba ni da niyya, ni ma na gano ba shi da haƙuri. Wankin hula nake yi a Wuse, in wanke kan manya ba tare da na taɓa abin da ke cikinsa ba. Amma na ga yadda Abuja ke manta mutum. Yau ana zaman makokinka, jibi wani ya kama hayar ɗakinka ya sauya fenti. Shi ya sa na zauna nake zana waɗannan baƙaƙen kamar kaza ta taka tawada, don kada a ce ba a yi shi ba.

Kaya biyu Yaya ya fi shahara da lodinsu, ƙuri'a da gawa. Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku gane ba. Mu da muka zo Abuja da ƙafa da buhu ba mu taɓa ɗaukar kanmu mazauna ba. Cirani muka zo, ko da ciranin ya kai mu furfura. Katin zaɓenmu na gida ne. In zaɓe ya matso, 'yan siyasar jiharmu sukan aiko da bas-bas su tsaya a Zuba a kwashe mu kyauta, mu je mu dangwala, mu ga gona, mu dawo. Yaya ne mai cika motocin nan. Ba ya kiran mutum da sunansa, da sunan ƙauyensa yake kiransa, kuma ya san wa zai zauna kusa da wa ba tare da an yi dambe a hanya ba. Haka kuma in ɗan garinmu ko na maƙwabta ya mutu a Nyanya ko Gwagwalada, Yaya ake nema. Shi zai samo mota, ya sa a cire kujerun baya, ya shiga ya zauna kusa da makara har gida. Yakan ce duk aiki ɗaya ne, mayar wa ƙasa abinta.

Daga waɗannan motocin ya samo dubansa, in dai duba ne. Ba ya buga ƙasa, ba ya karanta jarida. Da hantsi in lodi ya yi sauƙi sai ya zauna a bencinsa yana kallon tireloli masu gangarowa daga Arewa, samari a kan buhuna kamar tsuntsaye a kan waya, sai ya ce mini wani ya ɗaga ƙasar nan ta gefe ɗaya kamar ƙwarya, duk abin da ke ciki yana gangarowa tsakiya. Ya ce na Arewa suna saukowa da ƙafa, na Kudu suna hawowa da mota, za su haɗu a nan su haifi wasu mutane waɗanda ba su da gari sai unguwa. Wata rana, in ji shi, za a tambayi mai neman shugabancin ƙasa ɗan ina ne shi, ya ce ɗan Nyanya, kuma ba wanda zai yi dariya. Ni dai na yi dariyata tun a lokacin, don kada in rasa rabona.

Jam'iyyu kuwa ba ya kiransu da suna, don ya ce kafin ya haddace sun sauya. A wajensa duk waɗanda muke gani yanzu, masu jingina da Arewa da masu jingina da Kudu, masu rantsuwa da masallaci da masu rantsuwa da coci, sauran kwanansu kaɗan ne. Biyu za su rage. Akwai jam'iyyar masu wurin komawa, waɗanda in gari ya ɓaci suna da ƙauye da gona da kabarin kaka. Akwai kuma ta marasa wurin komawa, 'yan haya, waɗanda aka taɓa yi wa rusau suka kwana a kan katifa a bakin titi. Ya ce ranar da Bahaushen da aka rushe wa ɗaki da Bayaraben da aka rushe wa shago suka dubi juna suka gane katafila ɗaya ce ta bi ta kansu, ranar za a yi jana'izar tsohuwar siyasa, kuma na biyun nan su za su fi yawa, don su ne ke haihuwa a ɗaki ɗaya.

In yana wannan magana idonsa ba ya kan mutum. Yakan kalli bayanka, kamar akwai wasu a tsaye a can suna jiran a kira su. Sau da yawa na waiga.

Kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yaya bai taɓa faɗar wanda zai ci zaɓe ya dace ba. Duk ɗan takarar da ya ce shi ne, sai mu fara yi wa mutumin jaje. Har na taɓa roƙonsa ya ce ba zan taɓa yin arziki ba, ko Allah Zai sa a dace. Babban ɗansa, wanda ya yi karatu mai zurfi kuma yana da hankali, yakan zaunar da shi ya ce, Baba, ƙabila da addini ba sa mutuwa don mutum ya sauya unguwa, a Nyanyar ma kowa layinsa yake nema, kuma in zaɓe ya zo ɗan haya yakan bi mai kama da shi ne, ba mai irin ciwonsa ba. Zaɓe bayan zaɓe, maganar ɗan ce ke fitowa. Yaya sai ya ce shi ba zaɓen bana yake nufi ba, na lokacin da duk mun zama ƙasa. Na ce masa wannan ai duban matsorata ne, ka faɗi abin da ba mai rai da zai zo ya ƙaryata ka. Ya ce, to ubangijin bawa, ka daure ka rayu mana.

Rigima mafi girma da muka yi da shi a kan auren 'yarsa ce. Yarinyar ta kawo wani makanike Bayarabe, musulmi, haifaffen Nyanya, wanda in ka tambaye shi garinsu sai ya sosa kai ya ce babansa ya taɓa ambatar wani wuri. Dangi suka tashi, ni ne a gaba, don ina da ɗan da nake wa kwaɗayinta. Na ce yaya za a ba da 'ya ga mutumin da ba a san inda za a kai gawarsa ba. Yaya ya bar ni na gama kumfar baki, sannan ya ce shi ma abin da ya sa zai ba shi kenan, yana so ya ga irin jikokin da za a haifa, don su ne masu ƙasar gobe, gara ya sa hannun jari tun da wuri. Na yi fushi na daina zuwa gidansa har damina ta wuce. Abin da ya dawo da ni, in faɗi gaskiya, miyar da surukin nan ya koya wa gidan ce. Jikokin kuwa sun zo kamar yadda ya so. Suna ce wa kakarsu "shi", suna ce mini oga Kawu, kuma ba wanda ya taɓa taka garinmu a cikinsu.

Alherinsa ma a tashar yake. Shekarun nan da mutanen daji suka addabi yankinmu, babu makon da wani daga gida ba zai sauka a Zuba da tabarma da tukunya da yara ba. Ba sa neman kowa sai Baban Tasha. Shi zai kai su zaurensa su kwana, ya nema wa wannan turin baro, wancan gadi, wata wanke-wanke a gidan abinci. Bai taɓa ce wa kowa ya koma ba. Na taɓa tsokanarsa na ce, kai fa kake kwashe garin nan da cokali, wata rana za mu je mu tarar ba kowa. Bai yi dariya ba. Ya ce in bai kwashe su ba wani zai kwashe su, kuma shi wancan ba Zuba zai kai su ba.

Zaɓen da ya wuce ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. An aiko da motoci kamar kullum, an jera su, an manna musu hotuna. Yaya ya fito da sandarsa, lokacin ƙafa ta fara ƙi, ya tsaya ya fara kiran sunayen ƙauyuka. Wasu aka amsa, mutum biyu, mutum uku. Da ya zo kan sunan garinmu ya kira, shiru. Tasha cike take da 'yan garinmu, ga su nan suna tura baro suna sayar da rake, amma wasu sun mayar da katinsu nan, wasu sun ce me za su je su gani, samarin kuwa ba su ma ɗago kai ba. Ya sake kira. Ya yi ta kira da dusasshiyar muryar nan, yana kallon bayan mutane, yana matsawa gefe kamar yana ba wasu hanya su shiga, har direban ya zo ya kama hannunsa. Ni kaɗai na shiga motar, da wasu tsofaffi na wani ƙauye. Mu ma a hedikwatar ƙaramar hukuma aka tsayar da mu, aka ce a nan za a yi, hanyar gida ba ta biyuwa ranar. Na dangwala na dawo ban ga garinmu ba. Da na ba shi labari sai ya ce nan gaba motocin juyawa za su yi, a riƙa ɗebo mutane daga ƙauye ana kawo su birni yin zaɓe, in an samu na ɗebowa.

To mutumin da ya faɗi duk wannan, shi ne ya riƙe wuyan hannuna a kan gadon ciwo ya ce in kai shi gida. Na ce, bawa, ka rikice ne? Kai da bakinka ka ce zamanin komawa ya wuce. Ya ce ai shi ya sa.

"Jikokin nan nawa 'yan jam'iyyar marasa komawa ne," in ji shi. "Wata rana Abuja za ta cika ta tofar da su. Ina so in sun tashi neman inda za su dosa, su sami bakin cewa kakanmu yana can."

Na ce kabarin ƙauye damina biyu ya shafe, ba wanda zai gane shi. Ya ce ba don a gani ba ne, don a faɗa ne. Sannan ya sa na rantse. Hannunsa ba nauyi, amma sai da ya bar mini shaida a fata.

Shi ya sa safiyar Talatar nan na tsaya a tsakar gida muna ja da babban ɗansa. Ya kawo mini hujjoji, kuma duk masu kyau. Addini ya ce a gaggauta. Hanya ba ta da tabbas. An yi ta kiran waya gida ba ta shiga, ba wanda zai haƙa kabari kafin mu isa. Ni ba ni da hujja ko ɗaya sai rantsuwa, sai kuma bakina da na buɗe na ce garinmu ba a taɓa kai gawa an rasa masu haƙa ba, in mun isa ma sai mun ture mutane. Mai ɗakin marigayin ce ta raba mu. Ta yi magana daga bayan labule, ba ta ɗaga murya ba, ta ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai gawar 'ya'yan wasu gida, kunya ce a ce tasa ta rasa mota. Ɗan ya sunkuyar da kai. Sai dai ya kafa sharaɗi ɗaya, a yi masa salla a nan kafin a tashi. Na so in yi gardama, don a gida ake sallar ɗan gida, amma na ga idonsa na haƙura. Aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, aka fito da shi. Sahu ya cika titi har ya tare hanyar Gwagwalada, masu motoci suka kashe inji suka jira.

Surukin nan Bayarabe shi ya kawo bas ya cire kujerun baya da hannunsa. Muka shiga, ni da babban ɗan da surukin da direba, wancan ƙaton mai kuka. Na zauna kusa da makara, wurin da Yaya ya saba zama. Yana da wata ɗabi'a da malamai suka sha yi masa faɗa a kanta, in yana rakiyar gawa yakan sunkuya ya gaya mata duk garin da aka wuce, wai kada ta ji an sauke ta a inda ba ta sani ba. Na sha yi masa dariya a kan haka. Da muka wuce Kaduna na ji bakina yana motsi. Na ce, Yaya, Kaduna. A Zariya ma haka. Babban ɗan yana jina, da muka kai Funtuwa sai na ji shi ma ya faɗa a hankali.

Daga inda muka bar kwalta direban ya ce shi fa in rana ta yi ja zai juya, da mu ko ba mu. Ba wanda ya ga laifinsa. Hanyar da na sani da jakuna da mata masu tallar nono ta zama siririya, ciyawa tana shafar gilashi ta kowane gefe. Gonaki ba a nome ba. Ba mu gamu da ko akuya ba.

Muka shiga gari bayan la'asar. Na sa direba ya yi hon, yadda ake yi in an kawo gawa, don mutane su fito. Ƙarar ta tafi ta bugi bangon makarantar firamare ta dawo mana. Gidajen suna nan a tsaye, wasu da kwaɗo a ƙofa, wasu ƙofar ma an cire. A jikin katanga kuwa fosta ce ko'ina, ta wannan jam'iyya da ta waccan, an manna wata a kan wata, rana ta cinye kalar ta bar fuskokin shuɗaye, suna murmushi suna kallon layin da ba kowa. Su kaɗai suka tarye mu.

Muna tsaye sai muka ji tari. Daga zauren masallaci wani tsoho ya fito yana dafa bango. Ladanin garin ne, sa'an Yaya, tare aka yi musu kaciya. Ya dube ni ya gane ni, ya dubi motar ya gane abin da ke ciki, bai tambayi ko wane ne ba sai da ya gama salati. Ya ce saura su uku a garin, shi da wani makaho da ƙanwar makahon, sauran sun watse, wasu hedikwata, yawanci kuma wajen shi wannan da muka kawo. Na tambaye shi su wa suka manna hotunan nan. Ya ce wasu samari ne suka zo a kan babur da rana tsaka suka manna suka gudu. Ya ce shi bai ga akwati ba, bai ga malamin zaɓe ba, amma daga baya ya ji a rediyo cewa garinmu ya fito ƙwai da kwarkwata ya yi zaɓe lafiya.

Babban ɗan ya dube ni. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Da na ci gardamar salla, da mu biyar za mu sallaci Baban Tasha.

Ladan ya ba mu diga da shebur daga bayan masallaci, ya ja mu zuwa maƙabarta. Ciyawa ta kai ƙugu. Na ce ya nuna mana kabarin goggo, mahaifiyar Yaya. Ya daɗe yana dubawa, ya nuna wajen wata tsamiya ya ce nan ne, ko kuma gaba kaɗan, Allah dai Ya san nasa. Ni hannuna ya saba da sabulu da allura, ɗan kuma da biro, direba yana gadin mota yana kallon rana. Surukin ne ya tuɓe riga ya karɓi diga. Mutumin da na ce ba a san inda za a kai gawarsa ba, shi ya haƙa wa Yaya kabari a garinmu, yana haƙa yana cewa Baba ta yi mini komai. Muka sa Yaya, muka jera itace, muka rufe, ladan ya yi addu'a da muryar da ba ta kai tsamiyar ba. Na sauke rantsuwata. Na jira in ji sauƙi, ban ji ba.

Da muka dawo wajen mota, direba ya riga ya tayar da inji. Sai muka tarar da makahon da ƙanwarsa a tsaye a jikin bas ɗin, kowa da ƙullinsa. Ladan ya shiga zaure ya fito da buta da tabarma da wani ɗan buhu. Ashe tun da suka ji hon suka fara ɗauri. Na ce, Malam, ina zuwa? Ya ce mota ba ta shigo garin nan ba tun bara, kuma ba ya jin wata za ta sake shigowa.

"Shi kun kawo shi da wankansa da sallarsa," in ji shi. "Ni in na faɗi a nan, wa zai yi mini?"

Babban ɗan ya kama hannun makahon ya hau da shi. Ba kujeru a baya, don haka suka zauna a ƙasa, daidai inda makara ta kwanta da zuwa. Kafin ladan ya hau ya ce a ba shi minti ɗaya. Lokacin salla bai yi ba, kuma ya sani, don haka bai kira ba. Ya dai je ya ja ƙofar masallacin ya rufe, ya sa dutse ya tare ta saboda iska.

Muka fito rana tana ja. Na leƙa ta gilashin baya ina neman tsamiyar, ciyawa ta rufe. Mun kai Yaya gida, mun kwaso gidan mun taho da shi, mun bar shi shi kaɗai da hotunan 'yan takara.

Ladan yanzu yana zauren Yaya a Tungan Maje, inda sauran suka fara sauka. Da asuba yakan tashi ya tsaya a ƙofar gida, bakinsa yana motsi, amma lasifikar unguwa ta riga shi. Ni kuma na tara 'ya'yana na ce in tawa ta zo kada wanda ya nemi mota, a sa ni a nan kusa inda ake jin ƙarar tirela. Na shiga jam'iyyar marasa komawa da ƙafata, ban jira an kafa ta ba.

Allah Ya jiƙan bawana, Ya yalwata masa inda muka bar shi, Ya sa masa abokan hira a cikin waɗanda suka riga shi kwanciya a can, tunda mu ba mu bar masa ko ɗaya a sama ba.